Mu ruwa ne dutsenmu

Wani labari na littattafan yara da ake bugawa a Amurka kan malaman jinyar da suka yi aiki a ƙauyukan kan duwatsu ya taɓa min zuciya. Mary Breckinridge ce ta kafa aikin a jihar Kentaki a 1925. Mata ne, ungozomomi masu ilimin asibiti, a wancan zamani a kan doki suke hawa dutse, su ƙetare rafi cikin dare don karɓar haihuwa, kayan aiki a jakar sirdi.

Mu a yankin Guri ba mu da duwatsu, ruwa ne. Damina na yin nisa hanya ta yanke. Daren da maiɗakina ta haifi 'yarmu ta fari, a kwalekwale wata malamar asibiti ta zo mana, zaninta ya jiƙe sharkaf, fitilar waya a hannu. Ba ta tafi ba sai da jini ya tsaya, gari ya waye. Allah ya saka mata da alheri.

Yarinyar yanzu tana aji huɗu, karatun Hausa kuwa ba a cewa komai. Marubutanmu, don Allah ku rubuta mana labarin irin wannan baiwar Allah, da hotuna, in saya wa 'yata.