Ai tarihin bai cika ba sai da Arthur Wharton

Na ji daɗin wannan labari naku kan masu tsaron gidan farko a Ingila, sai dai tsallake Arthur Wharton da kuka yi ya sosa min rai. A Jamestown da ke Accra aka haife shi a 1865, kuma shi ake ɗauka baƙar fata na farko da ya ci albashi da ƙwallo. Karatun addini aka tura shi yi a Ingila, wasa ya janye shi.

Ga gudu kamar barewa, a 1886 ya yi yadi 100 cikin daƙiƙa 10. Ya tsare wa ƙungiyar Preston North End raga har wasan kusa da na ƙarshe na kofin FA a 1887, ya koma Rotherham Town a 1889, daga baya Sheffield United, inda mai tsaron gida William Foulke ya tare masa wuri.

Ƙarshensa ne ke sa ni hawaye wallahi. Aikin ma'adinin kwal ya koma, ya rasu a 1930 cikin talauci, kabarinsa ko alama babu sai a 1997. Don Allah ku rubuta mana tarihinsa shi kaɗai.