Awa 14 babu ruwa, sai ga takardar diyya

Wata Talata cikin hunturun da ya wuce na tashi da asuba na murɗa famfo, sai ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Shekarata 9 a wannan gari na arewacin Ingila ban taɓa jin wannan ƙarar ba, amma kunnena ya gane ta nan take, domin da ita na girma.

Kafin ƙarfe 6 saƙo ya shigo wayata daga kamfanin ruwa: sanyi ya fasa babban bututu, ga sunayen titunan da abin ya shafa, ga lokacin da suke sa ran gamawa. Da na leƙa bakin titi na tarar an kewaye wurin da shingen roba, an kunna manyan fitilu, ma'aikata cikin riguna masu ƙyalli suna tsaye cikin taɓo har gwiwa, numfashinsu na fita kamar hayaƙi. Wajen hantsi aka jibge katan-katan na ruwan gora a filin ajiye motoci na wani babban kanti, kana zuwa a zuba maka a bayan mota, ba mai tambayarka ko kai wane ne. Dokarsu ta ce idan ruwa ya yanke a samar wa kowane mutum aƙalla lita 10 a rana. Tsofaffi da marasa lafiya kuwa suna da rajista tasu daban, har ƙofar gida ake kai musu. Ƙarfe 8 na dare ruwa ya dawo, ja-ja da farko, wani saƙon ya ce a bar famfon kicin a buɗe har ya washe. Bayan mako 3 wasiƙa ta zo, an rage min kuɗi daga bil a matsayin diyya, ni kuwa ban kai ƙara ko'ina ba.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar maƙwabciyata, wata dattijuwa da muke mutunci da ita. Ina taya ta shigar da gorunan ruwanta ta girgiza kai ta ce, “Wannan ai sai a Afirka.” Ta ga fuskata, ta ba ni haƙuri, na ce babu komai. Amma na kwana da maganar, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne ban da amsar da zan ba ta. Awa 14 ce ta sa ta faɗi haka. Ku da kuke gida kun san wata nawa famfo kan yi bai ɗiga ba, kuma kun san ba wanda zai turo muku ko da kalmar haƙuri.

Kada wani ya ce na zo yabon Turawa. Tsarinsu na da tabonsa. A 1989 gwamnatin Margaret Thatcher ta sayar da hukumomin ruwa 10 na Ingila da Wales ga 'yan kasuwa, kuma yau jama'a na kuka da su: an raba riba mai yawa, an ci bashi, ana sakin ƙazantar masai cikin koguna. Thames Water da ke shayar da Landan bashi ya yi masa katutu. A Disambar 2024 hukumar Ofwat mai sa ido ta amince kuɗin ruwa ya ƙaru da kusan kashi 36 cikin 100 a shekaru 5, kuma a 2025 gwamnati ta ce za ta rushe hukumar ta kafa wata. Sikotilan ba ta taɓa sayar da nata ba, Faris kuma ta karɓe nata daga hannun kamfanoni a 2010. Don haka muhawarar da muke ɓata lokaci a kanta, wai a sayar ko a bar wa gwamnati, ba ita ce cibiyar maganar ba. Ko'ina cikin wuraren nan ruwa na zuwa, saboda akwai alkawari a rubuce, akwai wanda ke tsayar da farashi ba mai sayarwa ba, akwai wata hukumar daban mai gwada tsabtar ruwan, kuma wanda ya saɓa yana biya.

Nan ne nake rabuwa da masu cewa ruwa kyautar Allah ne, bai kamata a saye shi ba. Ruwan sama kyauta ne, amma tace shi da tura shi cikin bututu zuwa gidanka yana cin lantarki da magani da albashi. Idan hukuma ba ta karɓar kuɗi ba ta gyara, idan ba ta gyara ba ruwa ba ya zuwa, wanda bai ga ruwa ba kuma ba zai biya ba. A ƙarshe talaka ne ke saye jarka-jarka da tsadar da ta fi ta mai famfo nesa ba kusa ba. A sa mita, a bar lita na farko da araha ko kyauta, kamar lita 6,000 a wata da Afirka ta Kudu ta fara ware wa gidajen talakawa a 2001, sannan mai wanke motoci uku da ban ruwan fulawa ya biya da tsada. A Ingila tun 1999 doka ta hana yanke wa gida ruwa saboda bashi, kuma hakan bai hana a bi mutum kuɗin ba.

Wanda zai ce ai su masu kuɗi ne, ya dubi birnin Phnom Penh na Kambodiya. A 1993, bayan yaƙi ya ɗaiɗaita ƙasar, kusan kashi 72 cikin 100 na ruwan da hukumarsu ke turawa yana salwanta ta yoyo da sata. Shugabanta Ek Sonn Chan ya sa mita ko'ina, ya sauya tsofaffin bututu, ya matsa wa manya da sojoji sai sun biya. Asarar ta sauko ƙasa da kashi 10, hukumar kuma ta gwamnati ce.

To me ya hana mu? Na daɗe ina ɗora wa shugabanni, kuma suna da kasonsu babba. Amma daren nan da na kasa barci wani abu ya faɗo min. Kuɗi na farko mai kauri da na tura gida daga nan, rijiyar burtsatse na haƙa wa mahaifiyata, da tanki da sola. Na yi murna, har yau ba na nadama, don ba zan iya ganin tana jiran mai kura a shekarunta ba. Sai dai tun ranar ba wanda ya sake zuwa ofishin hukumar ruwa daga gidanmu. Haka likita ya yi, haka alƙali, haka ɗan majalisa. Duk wanda in ya ɗaga murya za a ji shi ya haƙa tasa ya fita daga layi, aka bar famfon gwamnati ga waɗanda ba a sauraron kukansu. Dattijuwar nan da ta ɓata min rai ba ta da rijiya a bayan gida, attajirin garin ma ba shi da ita, bututu ɗaya suke sha, shi ya sa awa 14 ta zama abin magana.

Washegari na kira Umma. Ta ce tun asuba yaran maƙwabta sun yi layi a ƙofar gida, ta buɗe musu kamar kullum. Sai ta ce rijiyar gidan da ke bayanmu ta ƙafe bana, kuma mai gyara ya gaya mata tamu ma ruwan ya yi ƙasa, sai an ƙara zurfi kafin bazara. Ta ce kada in takura kaina, in ba hali a bari sai baɗi. Na ce mata zan turo ƙarshen wata.