Kainuwa ma aikinta take yi, mu ne muke ɓata ruwan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunatarwar yau kan wani ɗan tsiro ce da ko kallo bai ishe mu ba, wato kainuwa dashen Allah.

Dan Allah in ka samu dama ka ɗago guda ɗaya daga ruwa ka duba da kyau. Ganyen nan duk ƙananan gashi ne masu riƙe iska, ka zuba mai ruwa sai kaga ya gangare bai jiƙe ba, shi yasa bata nitsewa. Saiwoyinta kuma basa kama ƙasa, a cikin ruwa suke reto kamar gemu, kuma a nan aikin yake, suna zuƙe sinadarin nitrojin da fosforos da taki da ƙazanta ke kawowa, har da wasu ƙarafa masu guba, ga 'ya'yan kifi suna laɓewa a ciki kar manya su haɗiye su. Subhanallah, kuma babu mai biyanta ko sisi.

Allah Maɗaukaki ya faɗa a Suratul Hijri aya ta 19 cewa ya tsirar da komai a ƙasa bisa awo. To awon nan muke ɓatawa. In aka dinga juye ruwan kwata da bahaya da ragowar taki a tafki sai abinci ya mata yawa, tayi ta fidda 'ya'ya ta gefe har ta rufe ruwan ruf, rana bata shiga, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu su fara mutuwa, ga wani sauro da ake ce ma Mansonia da tsutsarsa ke maƙale wa saiwar tana numfashi ta nan. Sai kaji ana ta zagin kainuwa, alhali wallahi aikin hannun mutane ne, kuje ku duba Suratur Rum aya ta 41.

Manzon Allah SAW ya hana yin fitsari a ruwan da baya gudana, hadisin na cikin Bukhari da Muslim. Fitsari fa kawai, to ina ga wanda ya juya kwatar gidansa gaba ɗaya can?

In tayi yawa a rage ta, ba laifi, amma a kai ta tudu nesa ta bushe, dan in ta ruɓe a bakin ruwa duk abinda ta zuƙa komawa ciki zai yi.