Wai zaɓi ne tsakanin kebul da setilayit!

Masu sayar da intanet ɗin gida sun iya baki. Sai su ce maka ga kebul ga setilayit, ka ɗauki wanda ya yi maka, kamar wani gata suka yi maka. Wane zaɓi? Gaba kura ce, baya sayaki.

Na nemi kebul, aka ce wayarsu ta tsaya a bakin layinmu, in ina so ta iso ƙofata sai in biya kuɗin haƙa da ja. In ja musu waya da aljihuna, sannan in riƙa biyansu duk wata! Waɗanda ta isa gidajensu ma kuka suke. Da rana lafiya lau, amma da zarar dare ya yi kowa ya dawo gida ya kunna bidiyo, sai abu ya koma rarrafe, domin layi ɗaya ne unguwa ke rabawa. Wannan babbar lambar da suke bugawa a talla ƙololuwar gudu ce, ba abin da za ka samu ƙarfe tara na dare ba. Gudun tura abu kuwa, wanda mai aiki daga gida ya fi buƙata, a can ƙasa ake ɓoye shi da ƙananan haruffa.

Haka na koma setilayit, kuma ba wanda ya gaya mini cewa tauraron ɗan'adam ɗin yana can sama a nisan kilomita 35,786. Duk abin da ka latsa sai ya hau can, ya sauko tashar kamfani, amsa ta sake hawa ta sauko maka. Tafiyar ta haura kilomita 140,000, shi ya sa ake samun jinkirin fiye da rabin daƙiƙa, kuma ba kuɗin da zai gyara wannan. A kiran bidiyo ka yi gaisuwa, shiru. Ka ɗauka ba a ji ba ka maimaita, daidai lokacin amsa ta iso, ku yi ta cin karo da baki har mutum ya zaci raina shi kake yi. Hadari ya haɗo, ruwa ya sauko da ƙarfi, fitilar na'ura ta koma ja. Data kuma da aka ce ba ta da iyaka, ka wuce wani adadi su shaƙe gudun har wata ya ƙare.

Za a ce ai akwai sabbin taurari na kusa, masu yawo a kimanin kilomita 550. Gaskiya ne jinkirinsu kaɗan ne. Amma kayan haɗawa kai za ka saya, faifan da ke kama sigina yana shan wuta dare da rana, kuma reshen bishiya ɗaya ya tare masa sama sai yankewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne in ka kira su. Ka gama jiran layi, a ce kashe ka kunna. Na kashe, na kunna, na gaji! Ka ce za ka bar su, su zaro yarjejeniyar da ka sa wa hannu, wai akwai tarar fita. Takardar biyan kuɗi dai ba ta taɓa makara ba, ko ana ruwa ko ana iska. To ni ma a rubuta mini gudun da zan samu da dare, kuma duk ranar da babu sabis a cire mini kuɗinta.