Mai ciwon hanta a ƙasar waje: wa ya san halin da kake ciki?

Mutum na iya yin shekaru da ciwon hanta yana harkokinsa, yana azuminsa, sai rana ɗaya ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya fito baƙi wuluk kamar kwalta. Dalili kuwa, idan hanta ta lalace ta yi tauri, jini ba ya samun ratsa ta, sai ya taru a jijiyoyin hanyar abinci su kumbura, wata rana su fashe. A wannan lokaci jinkiri kaɗan na iya cin rai.

A gida mun san yadda ake yi. A nemi motar maƙwabci ko adaidaita sahu, a yanki kati, a biya kuɗin gwaji, a tara 'yan'uwa su ba da jini. Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar gaggawa, amma duk wanda ya taɓa jinya ya san sau da yawa aljihu ne ke saurin buɗe ƙofa. Sai dai marar lafiya ba shi kaɗai ba ne. Matarsa ta san maganin da yake sha, ƙaninsa ya san likitansa, wani kuma zai shimfiɗa tabarma ya kwana kusa da gadonsa.

A nan Ingila, inda nake zaune, ka kira 999 motar asibiti ta zo, jini na ajiye, a zura na'ura ta baki a ɗaure jijiyar da ta fashe, ba wanda zai ce kawo kuɗi a sashen gaggawa. Abin da babu shi ne mai magana a madadinka. A ganina nan ne mutanenmu suka fi cutuwa, domin mun taho da ɗabi'ar ɓoye ciwo zuwa inda ba dangi.

Na taɓa raka wani matashi ɗalibi asibiti. Wanda suke haya tare ya same shi yana sambatu, hannunsa na karkarwa, bai san ko wace rana ce ba, ya ɗauka wani abu ya sha ya bugu. Da a gida ne da an ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Alhali dattin da hanta ta kasa tacewa ne ya hau masa kai. Likita ta yi ta tambaya: wane ciwo gare shi, wane magani yake sha? Ba mai amsa. Da aka duba jakarsa sai ga ƙwayoyi a cikin kwalbar bitamin, ba suna ba takarda. Ya juye su ne don kada wani ya gani, labari ya kai gida auren da yake nema ya lalace. Allah Ya tashi kafaɗarsa, amma an ɓata lokaci ana lalube.

Na fahimci tsoronsa, ban kuma raina shi ba. Amma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da ƙwayar cutar hepatitis B mai jawo ciwon hanta, da yawa tun suna jarirai suka same ta. Wannan ba abin kunya ba ne. Ko mutum ɗaya ne amintacce, ya kamata ya sani. A aljihu kuma a samu takarda da harshen ƙasar: sunan ciwon, sunayen magunguna, sakamakon gwajin ƙarshe, lambar wanda za a kira. Idan Turanci ya gagara a nemi tafinta, asibitocin gwamnati na bayarwa kyauta.

Masu kawo iyaye ziyara, ku yi hattara. Sashen gaggawa kyauta ne ga kowa, amma da an kwantar da baƙo ana iya cajinsa kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin. Inshorar tafiya kuma ba ta biya idan an ɓoye mata tsohon ciwo. A taho da magani isasshe a cikin kwalinsa na asali, domin yanke magungunan hepatitis B irin su tenofovir ko entecavir farat ɗaya na iya tayar da ciwon fiye da da. Su ibuprofen da diclofenac da muka saba saye a kemis don ciwon jiki suna iya jawo wa mai lalatacciyar hanta zubar jini da ciwon ƙoda. Jiƙon shawara da ake cusowa a akwati kuwa, ba wanda ya san abin da zai yi wa hantar da ta riga ta gaji. Idan an sha, a gaya wa likita gaskiya.

Ga mazauna nan, rajista da likitan unguwa kyauta ce, ba a buƙatar takardar izinin zama. Shi ne zai tura mutum wajen likitan hanta, wanda zai buɗe masa fayil, idan hantar ta yi tauri kuma a riƙa yi masa hoton ciki duk wata shida.