Masu cinikin batsa ba sa jin kuka, katin banki suke tsoro

Ranar 4 ga Disamba, 2020, ɗan jarida Nicholas Kristof ya wallafa bincike a jaridar New York Times kan yaran da aka yi wa fyaɗe aka kuma ɗora bidiyonsu a shafin batsa na Pornhub. Kafin nan 'yan mata da iyayensu sun yi shekaru suna roƙon a sauke irin waɗannan hotuna. Wata a yi banza da ita, wata a sauke nata yau, gobe wani ya sake ɗorawa. Mako bai zagayo ba Mastercard da Visa suka hana a biya shafin kuɗi da katunansu. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya kwashe miliyoyin bidiyon da bai taɓa tantance masu ɗora su ba, fiye da rabin abin da ke rumbunsa. Ashe tun can yana da ikon yin hakan. Bai ga dama ba ne, sai da aka taɓa aljihunsa.

Duk mai son ya yaƙi wannan annoba, daga nan ya kamata ya fara. Mu da an ce batsa, tunaninmu kan tsaya a kan mai kallo da raunin zuciyarsa. Gaskiya ne akwai wannan. Amma a bayan wayar da ke hannunsa akwai kamfanoni masu ofisoshi da lauyoyi da akantoci. An kafa Pornhub a Montreal ta Kanada a 2007, kuma da bakinsa ya ce a 2019 an shiga shafin sau biliyan 42, wato kusan sau miliyan 115 kowace rana. Kallon kyauta ne a ido, amma kowace shiga talla ce da aka sayar, kowane minti kuma bayani ne da na'ura ke tarawa don ta san abin da zai hana mutum fita. Shi kuwa OnlyFans na Landan, shafin da ake biyan kuɗi a kalli hotuna da bidiyon da mutane ke ɗorawa da kansu, wanda ke yankar kashi 20 cikin ɗari na duk abin da aka biya, dala biliyan 6.6 suka ratsa ta cikinsa a 2023, mai shi kaɗai ya kwashi ribar dala miliyan 472.

Masu kare sana'ar sukan ce manya ne suka yarda da kansu, ba wanda aka tilasta wa. Shari'ar shafin batsa na GirlsDoPorn a San Diego ta Amurka ta nuna yadda ake samo wannan yardar a wasu lokuta. Ana yaudarar 'yan mata da sanarwar neman masu tallar tufafi, a biya musu kuɗin jirgi, sai an rufe ƙofar ɗakin otal sannan a fito da ainihin maganar. A rantse musu cewa faifan DVD ne za a sayar wa wasu tsiraru a ƙasashen waje, ba zai taɓa hawa intanet ba. Ba a jimawa sai ga shi a intanet, har sunan yarinya ya bazu, mahaifinta da abokan karatunta su gani. Mata 22 sun ci shari'a a Janairun 2020, aka yanke musu diyyar kusan dala miliyan 13, jagoran cinikin, Michael Pratt, ya gudu sai a Madrid aka kama shi a 2022. Kamfanin da ya mallaki Pornhub, wanda ya sauya suna daga MindGeek zuwa Aylo, ya amsa a gaban kotu a Disambar 2023 cewa ya ci kuɗin wannan ciniki. Tarar da ya biya gwamnati dala miliyan 1.8 ce. A wajen kamfani irin wannan, cikin cokali ne aka ɗiba a rijiya.

Sai yara, inda abin ya fi ci mini rai. Rahoton kwamishiniyar kula da yara ta Ingila a 2023 ya nuna a matsakaici a shekara 13 yaro ke fara cin karo da batsa, ɗaya cikin goma tun yana shekara tara, kuma kashi 79 cikin ɗari sun ga wadda ake duka ko shaƙewa ko wulaƙanta mace kafin su kai 18. Wurin da aka fi ambata ba shafin batsa ba ne, Twitter ne, wanda yanzu ake kira X. Yaron bai je nema ba, har gida aka kawo masa.

Shi ya sa nake ganin ƙudurin da Majalisar Wakilai ta Najeriya ta yi a Maris 2025, na neman hukumar sadarwa ta NCC ta toshe shafukan batsa, niyya ce mai kyau da ba za ta wadatar ba. Ɗan sakandare ya san VPN, manhajar da ake buɗe shafin da aka toshe da ita, fiye da babansa. Ingila da jihar Texas wata hanya suka bi: kamfani ne zai tabbatar da shekarun mai shiga, in ya ƙi ya biya tara mai zafi. Pornhub ya gwammace ya rufe ƙofarsa a Texas da ya bi dokar, wanda ya isa ya nuna maka abin da ke masa ciwo.

Akwai kuma namu na cikin gida, wanda ba a Montreal aka ɗauka ba. Saurayi ya yi faɗa da budurwa, ko mai gyaran waya ya leƙa inda bai kamata ba, sai bidiyo ya fita. Kafin la'asar ya zagaye zaurukan WhatsApp da Telegram, wannan na cewa "innalillahi", yana kuma rubuta "turo min ta gefe". Yarinyar ce ke barin makaranta, ita ake fasa aurenta, ita ake yi wa aski da zagi a gida. Da wanda ya fitar da bidiyon da ɗaruruwan da suka tura suna nan suna yawo a gari.

Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta hotunan batsa na yara. Abin da nake so in gani daga majalisa shi ne doka bayyananna da ke hukunta duk wanda ya yaɗa tsiraicin wani ba da yardarsa ba, da ofishin da yarinya za ta kai ƙara a ɓoye sunanta, a kuma tilasta wa Meta, mai Facebook da WhatsApp, da TikTok da X su sauke abin cikin sa'o'i ko su biya tara a Najeriya.