Tsofaffin Ailan da tarihin da ake ɗaukar rabi a bar rabi

Duk wanda aka haifa a ƙauyukan yammacin ƙasar Ailan da ke Turai wajen 1935 ya doshi shekara 90 ko ya haura, kuma da yawa daga cikin sa'o'insa da suka rage a raye suna zaune ne a gidajen kula da tsofaffi. Su ne rukuni na ƙarshe da suka san karkarar ƙasar kafin wutar lantarki ta shige ta, domin sai a watan Nuwamba na 1946 aka kafa turken farko na shirin kai wuta karkara, a Kilsallaghan da ke arewacin gundumar Dublin, kuma lungu irin Black Valley na gundumar Kerry bai ga wuta ba sai ƙarshen shekarun 1970.

Idan aka zauna da irin waɗannan dattawa, abin da yakan fara zuwa bakinsu aiki ne. Sukan ba da labarin yankan baƙar ƙasar fadama, wadda ake jerawa ta bushe a riƙa hura wuta da ita a lokacin hunturu, da tseren kwashe ingirici kafin ruwa ya sauko ya ɓata shi, da kai madara wurin tarawa a kan amalanken jaki tun da asuba. Maƙwabta kan haɗu su yi wa gida ɗaya aiki yau, gobe su koma wa wani, kamar dai yadda ake gayya a ƙasar Hausa. Da dare kuma akwai gidan da aka saba taruwa hira, inda ake tatsuniya da waƙa a hasken fitilar kananzir. Wannan duk gaskiya ne, kuma da daɗin ji. Damuwata ita ce yawanci a nan ake tsayawa, saboda mai tambaya ya zo ne neman abin da zai faranta wa tsohuwa rai, ita kuma ta ba shi abin da ta ga yana so.

Amma ƙauyen da ake wannan gayyar shi ne ya kasa riƙe 'ya'yansa. Gona ƙarama ce, ɗa guda ke gadonta, sau da yawa bayan ya yi furfura yana jiran mahaifinsa ya sakar masa, saura kuma sai su kama hanya. A shekarun 1950 kaɗai kimanin mutum 400,000 suka bar ƙasar, akasarinsu zuwa Ingila, har ƙidayar 1961 ta nuna jama'a sun ragu zuwa miliyan 2.8. A 1953 aka kwashe mutanen ƙarshe daga tsibirin Great Blasket. Karatun sakandare kyauta bai fara ba sai 1967, kuma har 1973 macen da ke aikin gwamnati dole ta ajiye shi da zarar ta yi aure. Dattijuwar da ke yabon zumuncin wancan zamani tana iya zama wadda aka cire daga makaranta tana 'yar shekara 14, ta raka 'yan'uwanta tashar jirgin ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Ailan ba baƙuwa ba ce a harkar tattara abin da ke kan tsofaffi. Hukumar adana al'adun gargajiya da aka kafa a 1935, ƙarƙashin Séamus Ó Duilearga, ta sa yara 'yan firamare fiye da 50,000 daga makarantu kusan 5,000 suka zauna da kakanninsu da maƙwabta tsakanin 1937 da 1939, suka rubuta shafuka wajen 740,000 na tatsuniyoyi, kacici-kacici, magungunan gargajiya da labaran babbar yunwar shekarun 1840. Taskar tana jami'ar University College Dublin, kuma an sa da yawa daga cikinta a intanet. Aiki ne da ya cancanci yabo, sai dai yaron da ke rubutu malami na tsaye a kansa ba zai tambayi kakarsa ina aka kai yarinyar maƙwabta da ta yi ciki ba aure ba.

Amsar wannan tambaya ta fito ne bayan shekaru da dama. A garin Tuam na gundumar Galway, matan zuhudu na cocin Katolika sun gudanar da gidan da ake killace irin waɗannan 'yan mata daga 1925 zuwa 1961. Mutanen gari sun daɗe da sanin akwai ƙasusuwan yara a filin gidan, tun da wasu yara suka ci karo da su a shekarun 1970, amma maganar ba ta wuce raɗa ba sai da Catherine Corless, mai binciken tarihin yankin, ta tattaro takardun mutuwar yara 796 da babu shaidar inda aka binne su. Rahoton hukumar bincike na 2021 ya ce kimanin yara 9,000 ne suka mutu a gidaje 18 da aka bincika. Ilimin yana nan a kan mutane tun farko, mai tambaya ne aka rasa.

Za a iya cewa ƙwaƙwalwar tsoho takan ruɗe, kuma tono ciwo ga wanda ya kusa kabari ba tausayi ba ne. Hujja ce mai nauyi, kuma ba na ganin a matsa wa kowa ya faɗi abin da bai so. Ruɗewar shekara ko suna kuwa ana gyara ta da takardu, kamar yadda aka yi a Tuam, alhali takarda ba za ta taɓa faɗin yadda uwa ta ji ranar da ɗanta na ƙarshe ya hau jirgin ruwa ba. Yanke wa dattijo hukunci cewa labarin daɗi kawai zai iya ɗauka, shi ma wani nau'in raini ne.

Zangon farko na annobar korona a 2020 ya nuna yadda lokaci ke ƙurewa, domin fiye da rabin waɗanda suka mutu a ƙasar a lokacin mazauna gidajen tsofaffi ne. Ma'aikatan jinya aikinsu ya yi musu yawa, bai dace a ɗora musu wannan ba. Jami'o'i da ɗakunan karatu na gundumomi ne ya kamata su tura mutanen da aka horar, su naɗi muryar da izinin mai ita, su bar masa ikon cewa kada a saki wani sashe sai bayan ransa.